Sa Hannun Da Banki Ya Sani

Ban gama jera sabulu a kan tebur ba Alhaji mai albasa ya faɗo shagona da waya a hannu. Juma'a ce, da hantsi, damina ta yi nisa. Ko sallamar bai ƙarasa ba ya ce motarsa ta iso iyaka tun jiya, 'yan kwastan sun yanka masa kuɗi fiye da abin da ya tanada, kuma ayarin motocin da sojoji ke rakowa nan birnin Bangi zai taso gobe da sassafe. In ba a biya yau ba, motar za ta zauna can sai ayari na gaba. Kowa ya san abin da albasa ke zama in ta kwana biyu a rufe cikin tamfol da damina.

"Ma'aji, yau ranarka ce," in ji shi. "Rufe mu je a ciro."

Ni ne ma'ajin 'yan layinmu a kasuwar Kilomita Biyar. Muna da asusu, kowa na zubawa duk mako, wanda kayansa suka maƙale a hanya sai a tallafa masa, ya mayar in ya sayar. Da can kuɗin a cikin akwatin ƙarfe suke kwana, a shagon dattijonmu mai goro. Lokacin rikici wuta ta ci shagon da akwatin, aka buɗe aka tarar da toka. Da ƙura ta lafa muka sake farawa, ni na dage a kai kuɗin banki. Dattawa suka ƙi, suka ce kuɗin ruwa haram ne. Na je na tambayo, na dawo na ce akwai asusun da ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka tarar. Suka yarda da ƙyar. Ƙungiyarmu ba ta da takardun gwamnati, kuma a layin duka ni kaɗai ne katina na ɗan ƙasa bai ƙone ba bai ɓata ba. Saboda haka aka buɗe asusun da sunana. Kuɗin mutane, sunan mutum ɗaya.

Wajen shekara biyu ina kai kuɗi, ban taɓa cirowa ba. Ƙananan buƙatu daga zubin mako muke biyansu kafin in kai saura. Mai zuba kuɗi kuwa ba wanda ke duba sa hannunsa. Ban san mai cirewa daban ne ba.

Muka hau moto biyu, wato baburan haya. Kafin mu haye gada na cire hulata na cusa a aljihu, abin da hannuna ya saba yi tun shekarun da shiga cikin gari da hula ke iya zama ajali. Yanzu an samu sauƙi, amma hannu bai manta ba. Alhaji ya bar tasa a kai. Duk tsawon hanya wayarsa na kunnensa, yana ce wa direbansa ya ba su haƙuri, kuɗi na hanya.

Mun taras da banki cike, ƙarshen wata ne, ma'aikatan gwamnati sun zo ɗaukar albashi. Mai gadi ya shafa mu da sandarsa mai ƙara, ya ce da Alhaji ba a amsa waya a ciki. Alhaji ya zauna a benci kusa da ƙofa don ya riƙa fita. Ni na ɗauki takardar cire kuɗi na tsaya a gefen tebur na cika ta da kaina.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a lokacin. Na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, a wani gida a unguwar Kokoro, bayan la'asar. Malamarmu 'yar unguwar Miskin ce, Kirista, mai haƙuri da manyan hannuwa irin namu da suka saba da ɗaukar buhu. 'Yan layi suna kirana ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, suna tambayata ko an ba ni alawa yau. Na jure. Ga shi yau ina tsaye a banki ina rubuta suna da adadi ba tare da na roƙi kowa ba. Na sa hannu a ƙasa yadda malama ta koya mana, a ja guda, da ɗan wutsiya a ƙarshe.

Da layi ya zo kaina, na tura takardar da katina ta ƙarƙashin gilashi. Yarinyar da ke wurin ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta danna na'urarta, ta dubi allon, ta dubi takardar, ta sake duban allon. Sai ta ɗago ta yi mini magana da Sango, yaren gari.

"Papa, wannan ba sa hannunka ba ne."

"'Yata, can na tsaya na yi shi, kina iya ganina."

"Na yarda. Amma ba shi ne wanda ke nan ba."

"To juyo da allon in gani."

"Ba a nunawa, Papa. In na nuna maka, kowa ma zai iya kwaikwaya."

Ta ba ni wata takardar ta ce in sake. Na sake, a hankali, harafi bayan harafi, ban sa wutsiya ba. Ta duba ta girgiza kai. Wani mai taye a bayana ya yi tsaki ya ce da na kusa da shi, cikin Faransanci, 'yan kasuwa su riƙa zuwa ranar da ba ta albashi ba. Na ji abin da ya ce. Wannan ma amfanin lakwal ne, kana jin zagin da da can yake wuce ka.

Yarinyar ta juya katina ta nuna mini da bakin biro. An yi katin tun kafin in san ko harafi ɗaya, hoton ya koɗe, babu gemu a jikinsa, kuma a wurin sa hannu an rubuta cewa mai katin bai iya sa hannu ba.

"Ka gani, Papa? Katin ya ce ba ka iya ba. Na'ura ta nuna mini wani hannu. Takardar nan ta nuna mini wani daban. Mutum uku nake gani, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. In ka sake na uku bai yi ba, dole in rufe asusun sai an yi bincike. Kada ka yi gaggawa. Je ka zauna, zan kira shugaba."

Na juyo hannu wofi. Tun daga nesa Alhaji ya ga haka, ya miƙe.

"Ina kuɗin?"

"Sun ce sa hannuna bai yi daidai ba."

"Kamar yaya bai yi daidai ba? Hannun wa ka zo da shi?"

Na yi masa bayani iyakar yadda na fahimta. Ya saurare ni, idonsa a kan bakina. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da mutumin nan, in zan tafi masallaci shi nake bar wa shago a buɗe, ranar da aka haifi autana shi ya yanka ragon. Ya matso kusa ya rage murya.

"Ma'aji, tsakaninka da Allah, kuɗin suna nan kuwa?"

"Alhaji!"

"Tambaya na yi. Na ga an sake kwanon ɗakinka kafin ruwa ya sauka."

Kwanon nan da kuɗin gadon matata aka saye shi, kuma ya sani, don ya je ta'aziyyar mahaifinta. Na buɗe baki in tuna masa, sai na ga mutanen benci sun zuba mana ido, mu biyu masu doguwar riga muna jayayya da Hausa a tsakiyar banki. Na haɗiye. Wayarsa ta yi ƙara, mai gadi ya nuna masa ƙofa, ya fita. Ta gilashi ina hangensa yana magana yana yarfa hannu. Ya gama da wannan ya kira wani. Ba a jima ba tawa wayar ta fara rawa a aljihu. Na leƙa, dattijo mai goro ne. Ta tsaya, ta sake, mai gishiri. Sai matata. Ban ɗauki ko ɗaya ba, don ba ni da abin faɗa. Na san dai labari ya riga ni komawa Kilomita Biyar, kuma na san yadda labari ke girma a kan moto.

Aka kira ni ofishin shugaba. Mutum ne mai sanyin magana, ya ba ni kujera, ya gaishe ni da Sango, ya ce bara ala, na amsa. Ya ce abin ba sabo ba ne, hannu yakan canza, akwai hanyar sauya sa hannu. Za a rubuta buƙata, a haɗa da sabon katin ɗan ƙasa, a aika sama, mako mai zuwa ko na bayansa amsa ta fito.

Na ce masa kuɗin ba nawa ba ne. Na gaya masa zancen layinmu, da akwatin da ya ƙone, da albasar da ke iyaka. Na ce in na koma yau babu kuɗin nan, ba wanda zai yarda cewa biro ne ya hana. Za a ce na ci. Ni kuwa ba ni da gona, ba ni da mota, abin da nake da shi a kasuwar nan shi ne in na ce abu kaza yana wurina, to yana wurina.

Ya juya katina a hannu.

"Papa, na ji ka, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma ka yi tunani. Gobe wani ya tsinci katin nan, ya zo da labari mai daɗi irin naka, na ba shi kuɗin mutanenku. Me za ka ce da ni?"

Gaskiya ya faɗa. Dalilin da ya sa na kawo kuɗin nan ke nan, wurin da ba a bayarwa don an ga fuska.

"Saura maka gwaji ɗaya," ya ce. "Yau Juma'a, da wuri muke rufe gishe, tagar biyan kuɗi. Zauna ka tuna yadda ka yi ranar da ka buɗe asusun. Kada ka yi mini mai kyau. Yi mini na ranar."

Na koma benci. Alhaji ya dawo ya zauna, ya bar tazarar mutum guda tsakaninmu. Layi yana raguwa. Na san a unguwa yanzu an fara haramar masallaci, ana rufe shaguna, ana shimfiɗa tabarmi har bakin titi, kuma a kowace inuwa sunana ake ambata. Na ciro wata tsohuwar takardar sabulu daga aljihu na ɗora a gwiwa, na shiga gwadawa. Na yi da manyan haruffa, na yi a karkace, na yi da hannu yana rawa da gangan. Duk wanda na yi sai in ga hannun yau ne ya yi shigar tsofaffin kaya. Na yi shekara biyu ina korar wancan hannun, malama tana tsaye a kaina, yanzu ina nemansa ya ƙi zuwa.

"Ɗan lakwal," Alhaji ya ce, bai dube ni ba. "Da ka tsaya a dangwale da yanzu mun isa gida. Yatsa ba ya zuwa makaranta."

Na rufe ido na koma ranar. Na tuna ruwa aka yi, na shigo da laka a takalmi ina jin kunyar tayil ɗinsu. Lokacin ban fi 'yan makonni da fara aji ba. Na tuna an miƙo mini tawadar dangwale na ce a'a, ni zan sa hannu, don ina so a san layinmu sun aiko wanda ya iya. Na tuna akwai wani abu a tafin hannuna na hagu. Guntun kwalin sukari ne, wanda malama ta rubuta mini sunana a kai da manyan baƙaƙe. Na ajiye shi a gefe ina kallo ina kwafa, kamar mai zana hoto.

Nan abin ya faɗo mini. A wancan lokacin rubutun da na taɓa yi a duniya shi ne na allo, ina yaro, kafin mahaifina ya ɗauke ni zuwa shago. Hannuna bai san wata hanya ba sai daga dama. Ranar nan daga dama na fara. Harafin ƙarshe na sunana na fara zanawa, na bi su ɗaya ɗaya ina komawa hagu, har wuri ya ƙare mini, na matse harafin farko a jikin layin akwatin. Biron ma a tsaye na riƙe shi kamar alƙalamin kara, ina ɗagawa bayan kowane ja kamar zan tsoma a tawada. Daga baya ne malama ta raba ni da wannan, tana buga tebur tana cewa a gosh, Papa, daga hagu, har na manta na taɓa yi.

Na gwada a kan takardar sabulu. Hannu ya ƙi, yana ta komawa hagu da kansa. Na danne shi. Na biyu ya ɗan fito. Na ɗago na ga mai gadi ya jawo rabin ƙofar ƙarfe, mutum biyu suka rage a layi. Na tashi.

Yarinyar ta tura mini takarda ta uku, shugaba ya fito ya tsaya a bayanta. Alhaji ya taso ya tsaya a kafaɗata, ina jin numfashinsa. Na yi bisimilla. Na kafa biro a gefen dama na akwatin, na ga yarinyar ta buɗe baki za ta gyara mini, shugaba ya taɓa kujerarta ta yi shiru. Na zana harafin ƙarshe. Na ɗaga. Na zana na kusa da shi. Gumi ya sauko mini ta cikin gemu, na kawar da kai kada ya ɗiga a takardar. Da na iso harafin farko wuri ya ƙare, na matse shi a jikin layi. Abin da ya fito mummuna ne, kamar kaza ta bi ta kan laka. Da malama ta gani da ta riƙe kai.

Suka ɗora takardar kusa da allon. Yarinyar ta duba, shugaba ya sunkuya ya duba, ya cire tabarau ya mayar. Wayar Alhaji tana ta ƙara a aljihunsa bai taɓa ta ba, mai gadi ma bai nuna masa ƙofa ba.

"Shi ne," in ji yarinyar. Ta yi 'yar dariya ta rufe baki. "Papa, har matsewar."

Shugaba ya sa nasa hannun a gefe, ya ce in yi ƙoƙari in sabunta katina a gyara abin nan, don ba kullum zai kasance a ofis ba. Na ce singila, wato na gode, na sake cewa singila.

A bakin ƙofa na miƙa wa Alhaji ambulan. Ya karɓa ya cusa cikin riga, ya tsayar da moto zuwa wurin masu aika kuɗi ta waya. Da ya hau ya juyo kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Sai na iso." Juma'a kuwa ta riga ta wuce mu duka.

Na iso layi na tarar da mutane a ƙofar shagona, matata tana tsaye a gefe da mayafi, idonta ja. An ce mata 'yan sanda sun riƙe ni a banki. Wani ya ce an tarar asusun babu ko sisi. Da suka gan ni aka yi tsit. Na buɗe shago, na ɗauko buta na yi alwala a gabansu, na yi azahar. Ban yi wa kowa bayani ba sai da Alhaji ya dawo, dattijo mai goro ya tara mu bayan la'asar.

Alhaji ya ce kuɗi sun fito, an biya kwastan. Iyakar abin da ya ce ke nan. Dattijo ya ce in faɗi abin da ya faru, na faɗa. Mai gishiri ya ce shi bai gane ba, a nuna masa. Aka kawo kwali, na sa hannu iri biyu, na yau da na ranar farko. Aka yi ta dariya, ana miƙa kwalin hannu zuwa hannu, wani ya ce ashe banki ma ya fi son jahili. Ni ma na yi dariyar, don ta fi shirun da na tarar.

Amma ba kowa ya yi ba. Mutum biyu suka ce a ba su nasu, ba za su bar dukiyarsu a inda sai wani ya tuna yadda ya riƙe biro ba. Ban ga laifinsu ba. Sauran suka yanke cewa daga yau ba za a ciri kuɗi da hannu ɗaya ba, a ƙara mutum na biyu. Dattijo ya dubi Alhaji ya ce tunda shi ya fi kowa damuwa da lafiyar asusun, kuma kwanan nan ya samu sabon kati, shi za a sa. Alhaji bai so ba, amma bai iya ƙi ba.

Motar ta shigo da ayarin, albasar ta iso lafiya, ban da buhunan ƙasa da kullum sai an zubar. Alhaji ya sayar ya mayar da kuɗin asusu a kan lokaci. Sabon katina har yau ina bin sa, kullum a ce in dawo. Don haka duk ranar cire kuɗi tare muke tafiya, shi ya dangwala yatsa, ni in fara daga dama. A aji kuma ina rubutu daga hagu, na kai inda nake rubuta shafi guda ba tare da na tsaya ba.

Muna gaisawa da Alhaji kullum, muna cin abinci a kwano ɗaya in an kawo. Bai taɓa tayar da maganar da ya yi mini a banki ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai yanzu in an kira salla nakan jawo ƙofar shagona in sa kwaɗo. Ranar farko da na yi haka ya ɗago daga kan buhunansa ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya ɗauki butarsa muka tafi masallaci.